Ranin da Baba Bai Bi Gulbi Ba

Mahaifina masunci ne a Argungu. Mutum ne mai faɗin ƙirji da kaurin murya, wanda in ya yi magana a bakin gulbi har na tsallake sai ya waiwayo. Ban taɓa ganin ya durƙusa wa wanda a haife ya haife shi ba, sai a ƙofar wani ofis a Birnin Kebbi, shekarar da aka ba ƙasar nan mulkin kai. Saboda ni ya yi durƙuson. Yanzu na fi shi tsufa nesa ba kusa ba in aka kwatanta da shekarunsa na lokacin, amma duk ranar da abin ya faɗo mini a rai, abinci ba ya yi mini daɗi.

Ba Baba ne ya kai ni boko ba. Ina ƙarami aka ce kowace unguwa ta ba da yara, mai unguwa kuwa ya nuna gidanmu. Inna, mahaifiyata, ta tura ni cikin rumbun gero ta rufe. Dogari ya zo ya zauna a zaure, ya ce ba zai tashi ba sai da ni ko da maigidan. Kafin la'asar aka fito da ni, jikina duk ƙaiƙayi, aka tasa ni gaba. Ni ne ɗan fari, kuma ni kaɗai ne namiji, sauran duk mata ne. Yaron da zai riƙe wa Baba bakin taru, babbar komar kamun kifi, ke nan aka tafi da shi.

Na yi elemantare a Argungu, daga nan aka tura ni babbar firamare ta kwana a Birnin Kebbi. In na dawo hutu, Baba yakan kama hannuna ya juya tafin, ya duba, ya sake shi. Sa'annina sun iya jefa komar birgi, sun san inda tarwaɗa ke kwana, ni kuwa na iya lissafi da Turanci da ɗaura takalmi.

A shekarar ƙarshe aka yi mana jarrabawar shiga kwaleji. Bayanta wani Bature ya zo ya gana da mu ɗaya bayan ɗaya. Ya sa na ɗaga hannu ya leƙa hammatata don ya ga ko na girme wa makaranta, ya yi mini 'yan tambayoyi, ya ce in fita. Da aka rufe makaranta hedimasta ya tara mu ya ce, "Kowa ya tafi gida. Za a aiko." Iyakar abin da aka faɗa mana ke nan. Ba a ce ga wata ba, ba a ce ga yadda za a aiko ba.

Na iske gida ana yankan shinkafa a fadama. Al'adar Baba ita ce da an kai shinkafa gida, shi da abokan sana'arsa su ɗaure jirage su gangara gulbi har babban kogin Kwara, su yi rani a can suna su da bandar kifi, sai gab da damina su dawo. Tufafinmu na shekara, da gyaran ɗaki, da abin da za a ci in shinkafa ta ƙare, duk daga wannan tafiya suke fitowa. Wannan shekara da abokan suka zo zaure yin shawarar ranar tashi, sai ya ce su ɗan dakata masa.

Da suka fita Inna ta tare shi a tsakar gida.

"Malam, dakatawar mi?"

"Ta yaron ga," in ji shi. Dukansu ba sa faɗin sunana, saboda ɗan fari ne ni. "In sunka ɗauke shi, ba ni so shi tahi ban sa mai albarka ba. In ba su ɗauke shi ba, da shi za ni. In koya mai ruwa ko da ya makara."

"In kuma ba su aiko da wuri ba hwa?"

"Mutanen da ke da agogo a hannu? Za su aiko."

Abokan sun yi masa kara, suka jira har kasuwa ta ci ta sake ci. Daga nan babbansu ya zo ya ce ruwa na janyewa, in aka ƙara, jirage za su riƙa kafewa a rairayi. Baba ya ce su tafi, zai biyo su. Ya raka su bakin gulbi, ya shiga ruwa har cinya ya tura musu jirage da hannunsa. Namu jirgin yana ɗaure a gefe, an sake liƙe shi, taru na naɗe a ciki. Ya daɗe a tsaye a ruwan bayan sun sha kwana.

Daga ranar gidanmu ya zama gidan jira. Baba, wanda ba abin da ya raina kamar majalisar 'yan zaman banza, sai ga shi ya zama ɗan tasha. Da an ji ƙugin lori daga wajen Birnin Kebbi zai ajiye abin da ke hannunsa ya fita. Yakan tsaya nesa kaɗan, kamar wanda wata harka ta kawo shi, har fasinja su gama sauka, sannan ya matsa wajen direba ya gaishe shi, ya jira ko zai ce an ba shi saƙo. Direbobin suka gane shi. Tun kafin ya iso sai su girgiza masa kai daga cikin mota. In ya dawo sai ya warware tarun da ba inda ya yage, ya bi shi ido-ido, ya sake naɗewa.

Inna kuma, wadda ta ɓoye ni a rumbu don kada boko ya same ni, ita ce ta fi kowa ƙwallafa rai. Na ji ta tana gaya wa ƙanwarta, "Tunda sunka ɓata shi ga ruwa, to su ƙarasa abin da sunka hwara." Ta aro akwatin ƙarfe wurin yayanta, ta goge shi da toka. Ta soya ƙuli-ƙuli, ta daka yaji, ta zaɓi busasshen kifi mai kyau ta ƙulle a tsumma, ta jera a ciki. In suka fara canza wari sai ta fito da su ta ba ƙannena su ci, ta sake yin sababbi. Kowace Juma'a ta toya waina ta yi sadaka. Ba ta taɓa furta kalmar kwaleji ba, sai dai ta ce "abin ga". "Malam, ba a ji komi ba kan abin ga?"

Mutanen unguwa kuwa suka sami abin yi. In na fito sai in ji, "Ɗan kwaleji, ba a tahi ba?" Wata maƙwabciya takan leƙo kowace safiya, wai ɗiban wuta, ta dubi akwatin ta ce, "Har yanzu shina nan?" Dattawan masallaci suna tambayar Baba jirginsa ne ya lalace ko ƙafa ce ke ciwo, alhali sun san dalili sarai.

Ban taɓa jin iyayena suna sa-in-sa ba sai a wannan ranin. A kan gishirin miya, a kan akuyar da ta shiga ɗaki, a kan ƙofar da aka bari a buɗe. Wata rana Inna ta fito fili ta ce, "Kai namiji na, ka tashi ka tahi ka tambaye su. Ko sai mun cinye irin shuka?" Ya ce, "Ke da kike ta cika akwati kamar an ce miki an ɗauke shi!" Ni ina zaune a bakin ɗaki da ƙwaryar tuwo a gabana, na rasa yadda zan kai loma baki.

Ya tafi. Ya sa babbar rigarsa ta Juma'a, ya hau lori zuwa Birnin Kebbi, ya kwana can ya dawo. Abin da ya kawo bai wuce kalma uku ba: "Sun ce dawo." Daga baya ya ce in shirya, tafiya ta gaba da ni za a yi, don mutanen suna yin Turanci a kansa kamar ba ya wurin.

A Birnin Kebbi mun sauka wurin wani ɗan kasuwa mutumin kudu, wanda ya daɗe yana sayen banda a hannun Baba. Ya shekara da yawa a garin, Hausarsa irin tamu ce sak. Ya shimfiɗa mana tabarma a bayan shago, ya sa aka kawo abinci. Da ya ji abin da ya kawo mu sai ya ce, "Abokina, in kun je kada ka yi musu ladabi da yawa. Aikinsu na su gaya maka." Baba ya yi dariya ya ce ai mai nema ba ya shiga da faɗa.

Ofishin da ke kula da sha'anin makarantu yana can wajen gari. An shafa wa duwatsun bakin hanya farar ƙasa, an kafa sabuwar tuta tana kaɗawa, don ba a daɗe da gama bikin mulkin kai ba. A makaranta an koya mana cewa daga yanzu 'yan'uwanmu ne a kan kujeru, ba wanda zai ƙara wulaƙanta talaka. Na yarda da wannan magana har zuciyata, na ma yi maci a kanta.

Masinja ya tare mu a ƙofa ya ce a cire takalma. Akwai benci a baranda, amma ya nuna mana gindin bishiyar dogon yaro. Muka zauna a ƙasa tun hantsi. Masu keke suna zuwa su jingine, su shiga, su fito suna dariya. Aka yi azahar, muka yi salla a wurin, muka koma muka zauna. Sai da rana ta karkata aka ce mu shigo.

Akawun da muka tarar saurayi ne, bai fi ni da shekaru masu yawa ba. Baba ya durƙusa a gaban teburinsa, gwiwa har ƙasa, ya ce, "Ranka shi daɗe, kan maganar yaron ga na." Akawun bai ɗago ba. Ya ja hanci, ya juya wajen abokin aikinsa ya ce da Turanci wai wa ya shigo musu da kasuwar kifi cikin ofis. Suka yi dariya. Na buɗe baki, Baba ya taɓa ƙafata.

"Ba sai ka hwassara ba," ya ce a hankali. "Na ga hancinai."

Sannan akawun ya ce da Hausa, "Tsoho, ba a ce ka dawo ba? To ka dawo."

"Yaushe, ranka shi daɗe?"

"In an kwana biyu."

Baba ya yi godiya. Wallahi godiya ya yi. Muka fito muka sa takalmanmu.

Haka muka koma Argungu muka ci gaba da zama. Gulbi na ta ƙanƙancewa, rairayi na fitowa a tsakiyarsa. Baba ya daina zuwa duba jirgi, amma bai daina zuwa tasha ba, har ya fara cewa in raka shi.

Wata safiya muna tsaye sai ga lori daga Birnin Kebbi za ta Sakkwato, ta tsaya shan ruwa. A samanta akwai yara da sababbin akwatuna, kansu a aske ƙwal. 'Yan ajinmu ne. Ɗaya daga cikinsu, wanda gadonsa ke kusa da nawa a makaranta, ya hango ni ya ɗaga hannu da murna.

"Kai! Ba ka tahiya? Jibi za a buɗe!"

Baba ya dubi yaran, ya dubi akwatunan, ya dube ni. Da muka isa gida Inna ta ce wataƙila kashi-kashi ake kwasarsu. Baba ya dube ni. Ya ce in kwana da shiri.

Wannan karon bai sa rigar Juma'a ba, da taguwar aikinsa ya tafi. Da muka isa ofishin bai cire takalmi ba. Masinja ya miƙa hannu zai tare shi, Baba ya ɗauke hannun daga gabansa kamar yana kau da reshe. Ya tsaya a kan akawun, ya saki muryar nan tasa ta bakin gulbi.

"Na ga yara bisa mota da akwatuna. Nawa hwa? Yau sai an gaya min!"

Wata ƙofa ta buɗe a ciki, babban jami'in wurin ya fito. Ba Bature ba ne. Ɗan ƙasa ne, Bahaushe kamar mu, cikin farin kaftani, bai daɗe da hawa kujerar ba. Ya tambayi sunana da makarantata, aka gaya masa. Ya yi magana cikin taushi, har da murmushi.

"Haba Baba, mene ne na ɗaga murya? Ai an gama ɗauka tuntuni. Wanda aka ɗauka an aika masa. Wanda bai ji komai ba, ai ya gane."

"Ya gane mi?"

"Cewa bai samu ba. Haka tsarin yake."

"Tun yaushe anka gama?"

Jami'in ya ɗan yi tunani. "Tun ana yankan shinkafa, ina ji."

Tun ana yankan shinkafa. Tun jiragen abokan Baba suna ɗaure a bakin gulbi suna jiransa. Baba ya juya wajen akawun.

"Ranar da niz zo ni ɗai, ka sani?"

Akawun ya dubi takardun gabansa.

"Ranar da niz zo da yaron, nid durƙusa maka, ka sani?"

"Ba aikina ba ne in faɗa," in ji shi.

Baba ya juyo wajena. Sai ya kama hannuna ya ɗaga shi sama, ya buɗe tafin a gaban jami'in.

"Dibi hannun ga. Ni ban kawo muku shi ba. Ku kunka zo har zaurena kunka ɗauke shi, ba ku ba ni ko kwana guda in yi shawara ba. Kun riƙe shi shekara da shekaru, kun maido min da shi bai iya tuƙa jirgi ba. Ban ce komi ba. Kun ce ba ku son shi, wannan ikonku na. Amma a'a ɗin ma sai na roƙa? Kalma guda! Da kun hwaɗa min ita da yanzu ina Kwara da ɗiyana. Mi zan ba iyalina su ci bana? Tutar ga?"

Masinja ya ruga ya kira ɗan doka. Jami'in ya ɗaga hannu ya ce a ƙyale shi, tsoho ne, rai ne ya ɓaci. Ya ƙara da cewa, "Sai haƙuri, Baba. Allah ya sa haka ya fi alheri." Ya koma ciki ya ja ƙofarsa.

Wannan taushin nasa ya fi dariyar akawun ƙona mini rai, har yau. Da zagi ya yi, da na ce ya san ya yi ɓarna yana karewa. Amma shi a ganinsa ba abin da ya faru. Bai taɓa zama ya tambayi kansa me iyayen yaran da ba a ɗauka ba suke yi a gidajensu ba, ko me suka ajiye suna jira. Ni ban taɓa cewa dole sai an ɗauke ni ba. Wataƙila waɗanda ke kan lorin sun fi ni ƙoƙari. Amma motar da ta kai wa iyayensu albishir ta ƙofar tasharmu take wucewa, kuma direbanta ya san fuskar Baba.

A shagon abokinsa Baba bai taɓa abincin da aka kawo ba. Mutumin bai yi masa dogon jaje ba, ya dai zauna kusa da shi, ya raka mu tasha da kansa.

Inna tana tankaɗe muka shiga. Ta dubi fuskokinmu ta ajiye rariya.

"Sun ce mi yar rasa?"

"Ba su ce ba."

"Yaushe sunka sani?"

Da Baba ya gaya mata, sai ta miƙe tsaye, ta fuskanci yamma wajen Birnin Kebbi, ta ce, "Allah ya isa." Ban taɓa jin ta faɗi haka a kan kowa ba, kafin ranar ko bayanta. Ba ta yi kuka ba. Ta buɗe akwatin ta juye ƙuli-ƙulin a faranti, ta ɗora wa ƙanwata ta kai bakin kasuwa. Akwatin kuma ta sa aka mayar wa yayanta tun kafin magariba.

Tafiya Kwara ta riga ta wuce. Ruwa ya yi ƙasa, kuma jirgi ɗaya ba ya jan taru. Abin da ya rage a gulbin kusa da gari bai isa a riƙe gida da shi ba. Baba ya shiga ƙodago a lambun albasa na wani mutum wanda Baban ne ya koya wa iyo tun mutumin yana yaro. Ni ma na bi shi. Muna ɗebo ruwa da ƙwarya muna watsa wa fangali tun asuba har rana ta take. Hannuwana suka yi kumburi suka fashe, suka warke, suka yi kanta. Mai lambun yana jin nauyin Baba, ba ya iya ba shi umarni, sai ya gaya mini ni in gaya masa. Tuwonmu ya koma sau ɗaya a yini kafin ruwan farko ya sauka. Inna ta sayar da akuyarta, ƙannena ba su ga sabon zane ba a sallar shekarar.

Da abokansa suka dawo da jirage cike da banda da turamen atamfa, Baba ya je bakin gulbi ya yi musu barka, ya taya su sauke kaya. Ba wanda ya tambaye shi komai.

Da damina ya gwada ni a ruwa. Na yi iya ƙoƙarina, amma na makara da gaske, mu duka mun gani. Da kaka ta zagayo ya ɗaure jirginsa tare da na sauran, ya ɗauki ɗan ƙaninsa a madadina. Ya ce wa Inna ko wane irin saƙo ya zo daga makaranta, kada a bi shi da shi.

Saƙon kuwa ya zo bayan tafiyarsa. Tsohon hedimastanmu ne ya samo mini gurbi a wata kwalejin horar da malamai, ya aiko a ce in taho maza. Inna ba ta soya komai ba. Ta ƙulle mini tufafina a zane, ta raka ni zaure, ta koma ciki. Baba bai ji ba sai da ya dawo. Da na zo hutun farko, tambaya ɗaya ya yi mini: "Suna ba ku abinci?" Na ce suna ba mu. Ya ce to.

Na gama, na koyar a ƙauyuka, daga baya aka dawo da ni Birnin Kebbi, har na sami ɗaki da tebur da masinja a ƙofa. Baba ya rayu ya ga wannan, amma bai taɓa taka ƙofar wurin aikina ba. In ya kawo banda sai ya sauka a shagon abokinsa, ya aika a kira ni. In bar abin da nake yi in tafi kasuwa, in same shi zaune a kan buhu, mu gaisa, in tambaye shi mutanen gida.